Rijiyar Tsakar Gidanki da Kogin da Ba Ki Taɓa Gani Ba

   

Saƙonni biyu ne suka sa na ɗauko maganar yau, kuma a mako guda suka iso mini. Na farko daga wata baiwar Allah ne da ke aure a wani ƙauye can wajen Gashuwa, 'yarta ce ta rubuta mata. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya, rijiyar tsakar gida gaba uku ce, ko yarinya ma tana iya jan guga. Yanzu sau biyu ana ƙara wa gugan igiya, an yashe rijiyar, an ƙara mata zurfi, amma da bazara ta kama sai laka. Ita kuma ba ta fita. Ruwan sha da na girki da na alwala, duk sai abin da yara suka ɗebo, ko abin da aka saya a wajen 'yan garuwa.

Ta biyun muryarta ta aiko ta waya, daga yankin Kura a Jihar Kano. Ita kukanta ruwa ne ya yi yawa. Daɓen ɗakinta kullum a jiƙe kamar an yi yayyafi, gindin katanga yana ta marmashewa da wani farin abu kamar kanwa, masai kuwa ko da rani cike yake da ruwa. Ta ce har an fara raɗa mata ko sammu ne.

Ba sammu ba ne, 'yar'uwa. Ke da waccan ta Gashuwa ba ku san juna ba, tsakaninku tafiya ce mai nisa, amma kogi ɗaya ne ya ratsa ƙasarku, kuma aikin da aka yi wa kogin nan yana da hannu a kukanku duka biyu. Bari mu bi abin a hankali.

Da farko ina so ki yi wani ɗan gwaji, ko yau da yamma, yara ma za su ji daɗinsa. Ki samu roba mai faɗi irin ta wanke-wanke ki cika ta da yashi. Ki zuba ruwa kofi uku ko huɗu, ki jira kaɗan. Ruwan zai ɓace daga sama. Ina ya tafi? Yana nan, ya shige tsakanin ƙwayoyin yashin ya je ƙasa ya kwanta. Yanzu ki sa yatsa ki huda rami har gindin robar. Za ki ga ruwa ya taru a cikin ramin. To, kin haƙa rijiya ke nan.

Da yawanmu muna zaton akwai wani kogi da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa, wanda mai haƙar rijiya yake dacewa da shi. A mafi yawan wurare ba haka ba ne. Ruwan yana cikin jikin ƙasar ne, kamar yadda yake cikin yashin robarki, ko kamar yadda garin kwaki yake shanye ruwa. Inda mai haƙa ya fara iske shi, nan ne bakin makwancinsa. Wannan makwanci ba a wuri ɗaya yake tsaye ba. Da damina yana hawa, da rani yana sauka, shi ya sa igiyar da ta ishe ki a watan Satumba ba ta isar ki a watan Afrilu.

Koma kan robarki. A ɗaya gefen ki ja layi mai ɗan zurfi da yatsa, kamar kwata, ki riƙa zuba ruwa a ciki a hankali. Dubi ramin nan naki: ruwansa zai ɗago, alhali ba ki zuba masa ko ɗigo ba. Layin nan shi ne kogi. Haka kogi yake shayar da ƙasar da ke gefensa, ita kuma ƙasar ta shayar da rijiyoyi. Kuma lokacin da ya fi shayar da ita shi ne sa'ad da ya cika ya tumbatsa, ya bazu a fadama, ya kwanta makonni ko watanni yana tsatsafowa ƙasa. Da rani sai ƙasar ta ɗan rama masa. Wadda ta tashi a bakin gulbi ta san yadda ake tona yashin kogin da ya ƙafe a samu ruwa garai-garai a kamu biyu ko uku. Ajiyar damina ce ake ci.

Kin ga ke nan ambaliyar da aka saba da ita, wadda take zuwa kan kari ta shiga fadama ta fita, ba masifa ba ce. Ita ce take cika randar da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Yanzu ga kogin da muke magana a kai. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano, su wuce Wudil, su bi ta Ringim zuwa Haɗeja, a nan ake kiransa Kogin Haɗeja. Can gaba ya haɗu da ruwan Kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama Kogin Yobe. Shi ne ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. Daga sama har zuwa wajen Wudil, ƙasar a kan dutse take zaune, ba ta da zurfin da za ta riƙe ruwa mai yawa. Daga nan zuwa gabas kuwa yashi ne da laka masu zurfi, ƙasar kuma shimfiɗe take kamar faranti. Saboda haka da kogin ya isa tsakanin Haɗeja da Nguru sai ya rarrabu, ya bazu, ya zama wata makekiyar fadama. Shinkafa, kifi, kiwo, noman rani bayan janyewar ruwa, da rijiyoyin garuruwa masu yawa, duk a kanta suka dogara tun kaka da kakanni.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. A 1992 kuma aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ni ba zan zauna a nan in ce miki aikin banza aka yi ba, don zan yi ƙarya. Shinkafar Kura, da tumatirin Kadawa da kike miya da shi a tsakiyar rani, da alkama, da ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa da Challawa, duk albarkacin waɗannan madatsu ne. Gidaje nawa ne suke ci daga nan? Allah kaɗai Ya sani.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Aikin madatsa shi ne ta tare ruwan damina ta ajiye, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Wato ta sauya wa kogi hali. A da, a watan Agusta da Satumba kogin yakan zo da ƙarfinsa ya cika fadama, da rani kuma ya ƙafe ƙaf. Bayan an datse shi, sai cikar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya ƙi yankewa. Ga wanda rana take shanyewa a saman tafkin madatsar, ga wanda aka karkatar gonakin noman rani, ga na famfo. Abin da ya rage shi ke gangarawa ga na ƙasa.

Masu binciken da suka auna fadamar Haɗeja da Nguru sun nuna cewa kafin Tiga, a shekara mai kyau, ruwa yakan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. A wasu shekarun na 1980 da farkon 1990 bai kai ko 1,000 ba. Adalci shi ne in ce ba madatsa kaɗai ba ce, domin an yi fari mai tsanani a 1973, aka sake yi a 1983 da 1984. Amma fari yakan zo ya wuce, madatsa kuwa tana nan. Idan fadamar da ruwa yake kwanciya a kai ta ragu da rabi, ai ruwan da ke sauka ƙasa ma dole ya ragu. Sai makwancinsa ya yi ƙasa, sai a ƙara igiya. A kan wannan kuma sai ki ɗora rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa da suka cika fadamu tun daga shekarun 1990, kowa yana zuƙa daga randa ɗaya. Shi mai burtsatse bututunsa ya yi zurfi, ba zai ji a jikinsa da wuri ba. Rijiyar tsakar gida, wadda aka haƙa da hannu, ita ce take fara ƙafewa. Wato ke ce kike fara ji.

Akwai wani lissafi da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 wanda har yau yana ba ni mamaki. Sun kwatanta amfanin da ake samu daga ruwa idan aka bar shi ya shiga fadama, wato noma da kamun kifi da itacen girki, da amfanin da ake samu idan aka kai shi babban aikin noman rani na Kano. Sai suka ga, mudu da mudu na ruwa, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Daga nan ne aka yi ta ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da gangan a tsakiyar damina, a kwaikwayi cikar da kogi yake yi a da, don fadama ta sha.

Shi kuma ruwan ranin nan da ya ƙi yankewa, ya haifi nasa ɗan. Matan Haɗeja da Guri da Nguru sun san kachalla, ba sai na kwatanta musu ba. Ga sauran: wata doguwar ciyawa ce da ta fi tsayin mutum, mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da rani yakan kashe ta. Da kogi ya daina ƙafewa sai ta samu gidan zama. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, hanyoyin suka toshe. Ruwa kuwa ba ya jiran izini. Da ya ga tsohuwar hanyarsa ta rufe, sai mafi yawansa ya karkata ta Marma zuwa wajen Nguru, ya kwanta a gonakin mutane da bakin garuruwansu shekara da shekaru, su kuma waɗanda ke kan tsohuwar hanya suka koma jiran abin da ba ya zuwa. Wannan ƙauye yana kukan ruwa ya ci gona, maƙwabcinsa yana kukan ƙishi. Ga sauro, ga tsuntsayen jan-baki da suke kwana a cikin kachallar su wayi gari a kan shinkafa da gero.

Bari in dawo kanki, 'yar'uwata ta Kura. Ke naki akasin na Gashuwa ne. Ruwan da aka hana waccan, ke aka kawo wa. Manyan hanyoyin ruwa da ƙanana suna ratsa yankinku rani da damina, suna yoyo ta ƙasa. Gonaki kuma ana ta ba su ruwa, sau da yawa fiye da abin da shuka take bukata, musamman shinkafa da ake tsayar mata da ruwa. Ragowar ina za ta? Ƙasa. Kuma na gaya miki ƙasarku a kan dutse take, ba ta da zurfi. Idan magudanan da aka yi don kwashe ragowar ruwan suka cushe da ciyawa da laka, sai makwancin ruwa ya yi ta hawa, har ya zo dab da tushen gini. An daɗe da sanin wannan matsala a yankin Kadawa.

Daga nan sai aikin lagwani. Kin san yadda lagwanin fitila yake jan kananzir daga ƙasa zuwa sama ba tare da kowa ya tura shi ba? Haka katangar ƙasa take jan ruwa, har ma ta bulo idan ba a sa mata abin tare damshi a tushe ba. Ruwan ya hau, iska ta busar da shi, ya bar gishirin da ya ɗauko daga ƙasa. Shi ne farin abin nan da kike gani. Gishirin yana cin gindin katanga a hankali, sama tana nan lafiya ƙalau da shafenta, ƙasa kuwa ta zama gari. Irin wannan katanga ce take faɗuwa cikin dare a lokacin marka, mutane suna barci. Allah Ya tsare mu.

Kuma ki lura da wani abu. Ƙasar da ta riga ta ƙoshi ba ta karɓar baƙo. Soson wanka idan ya jiƙe sharkaf, ko kin ƙara masa ruwa zubewa zai yi. Inda makwancin ruwa yake kusa da sama tun kafin damina, ruwan sama kaɗan ya isa ya kwanta a tsakar gida. Wani lokaci ma ba daga sama ko daga kogi ruwan zai shigo ba, ta cikin daɓe zai ɓuɓɓugo. Irin wannan ba a tare shi da buhun yashi a bakin ƙofa, kuma yakan daɗe bai janye ba.

Na san tambayar da ke bakinki: to, ba an ce madatsa tana hana ambaliya ba? Tana hanawa, amma da sharaɗi. Randar da babu komai a cikinta, ko wadda take rabi, ita ce take karɓar ruwa. Wadda ta cika fal, duk abin da kika ƙara ƙasa zai zuba. Mai kula da madatsa yana tsakanin wuta biyu ne. Manomin rani da mai ruwan famfo suna so a kai ƙarshen damina tana cike. Mutumin da ke zaune a ƙasa da ita kuma yana so a bar gurbi saboda babban ruwan da ka iya zuwa a ƙarshen Agusta. Idan aka cika ta da wuri sannan sama ta sake, babu zaɓi: ko dai ruwan ya tsallake ta mafitar da aka gina masa, ko a buɗe ƙofofi, don idan aka matsa sai an riƙe shi, bangon ne zai tafi gaba ɗaya. Ga shi kuma kowace shekara laka da yashi suna taruwa a gindin tafkin, suna cin gurbin ruwa, kamar randar da ba a taɓa wanke gindinta ba.

Mun gani ai. A 2001 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Kano da Jigawa. A watan Satumba na 2010 ya sake cin garuruwa da gonaki a Jigawa, har aka yi ta ja-in-ja a kan ko buɗe Tiga da Challawa aka yi, ko cika suka yi suka tumbatsa da kansu. Ga matar da ruwa ya ci ɗakinta, duk ɗaya ne. A wannan shekarar dai ruwan Goronyo, a kan Kogin Rima, ya mamaye ƙauyuka a Jihar Sakkwato, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2012 da 2022 kuma, sakin ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru ya haɗu da ruwan sama mai yawa, Kogin Binuwai ya yi ɓarnar da har yau ana maganarta.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Madatsa tana hana ƙananan ambaliya, waɗanda a da suke zuwa kusan kowace shekara suna tuna wa mutane iyakar kogi. Da aka yi shekara goma, sha biyar, ruwa bai zo ba, sai aka manta. Aka yanka filaye a inda kakanni suke shuka shinkafa, aka sayar, aka gina, aka kai amare. Ran da babban ya zo, wanda madatsa ba ta iya riƙewa, sai ya iske gidaje a kan hanyarsa. Ni a ganina wanda ya sa hannu aka yanka fili a fadama ya fi ruwan laifi.

Sai kuma fashewa, wadda ita ce mafi muni. Madatsar Bagauda ta fashe a watan Agusta na 1988. Ta Alau, a kan Kogin Ngadda, ta ɓalle a 1994, ta sake ɓallewa a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Bango ne na ƙasa, yana tsufa kamar kowane gini, yana son duba da gyara.

Ba madatsa kaɗai ce aikin da ake yi wa kogi ba. Akwai jinga, wato tudun ƙasa da ake yi a bakin kogi don kare gari. Tana da amfani, garuruwa da dama a ƙasar Haɗeja da ita suke kwana. Sai dai ruwan da jingarku ta kora bai ɓace ba, gaba ya yi, ko ya tsallaka wajen maƙwabta, shi ya sa ake samun rigima tsakanin ƙauyuka a kanta. Sannan ruwan saman da ya sauka a cikin gari, jingar nan ita ce take hana shi fita. Kuma idan kogi ya daɗe a cike a bayanta, yakan bi ta ƙarƙashi ya ɓullo a rijiyoyi da masai.

Akwai shafe kogi da siminti, kamar yadda aka yi wa Jakara a cikin birnin Kano. An rage wari da ƙazanta a unguwannin da ya ratsa, amma ruwan da ke gudu a kan siminti ba ya shiga ƙasa, kuma da sauri yake isa ga na gaba. Akwai masu tifa da ke kwashe yashin kogi: idan gadon kogi ya yi zurfi, ruwan ƙasar da ke gefensa sai ya gangaro cikinsa, rijiyoyin bakin kogi su sauka. Kududdufan cikin gari kuwa, da muke raina su, su ne suke karɓar ruwan unguwa su shayar da ƙasa. An cike su da shara an yi gini. Yanzu ruwan yana neman kududdufinsa, sai ya iske falon wani.

To, ke da kike cikin gida, mene ne naki a ciki? Ba ke za ki buɗe Tiga ko ki rufe ta ba, gaskiya ne. Amma akwai abin da kika fi injiniya sani, domin ke ce kike jan guga kullum. Rijiyarki ma'auni ce. Ki samu zare ki ɗaura a jikin igiya daidai inda take taɓa bakin rijiya idan guga ya taɓa ruwa. Ki duba duk ranar Juma'a, da sassafe kafin a fara ɗiba. Idan kika ga a cikin damina ruwan yana hawa da sauri, har ya zo inda za ki iya miƙa hannu da moɗa ki ɗebo, kada ki yi murna. Ƙasar gidanki ta ƙoshi ke nan. A ranar ki zagaya ki duba gindin kowace katanga, ki danna da yatsa. Inda ya lotsa, ko kika ga sabuwar tsaga, a kwashe yara daga ɗakin, kada a ce sai gobe. Ki gaya wa maigida, a tokare ko a sauke ta tun ba ta sauke kanta ba.

Na biyu, masai. Wannan ita ce maganar da ba a son yi, amma dole. Idan makwancin ruwa ya hau har ya taɓa ramin masai, to ruwan masai da na rijiya sun zama ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, ko da kin ga na rijiyar fari tas, ba wari. Ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, wato taku 40 ko kusa da haka. Na sani, gidajenmu na birni gaba ɗayansu ma ba su kai haka ba. Saboda haka a irin wannan lokaci ruwan rijiya na wanki ne da wanke-wanke. Na sha sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin wanda ake samu a asibiti da kemis, bisa ƙa'idar da aka rubuta a jiki. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, kada ya ruɗe ki. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, sai an kwashe ruwanta an yashe ta an sa mata magani kafin a koma sha. Amai da gudawa a bayan ambaliya yake tafe. Ki ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a gida, idan yaro ya fara ki soma ba shi nan take, a kuma garzaya da shi asibiti.

Na uku, kuma ina roƙon maigida idan yana kusa ya matso ya ji. Ku yi maganar fita tun yanzu, tun sama tana fari. Idan ruwa ya zo cikin dare, maigida yana kasuwar wani gari ko yana wajen aiki, ina za ki nufa? Gidan wa ne a kan tudu? Wa zai ɗauki tsohuwa, wa zai riƙe wane yaro? Kada a bar mace tana tsaye a tsakar gida, ruwa yana hawa gwiwa, tana neman layin waya don a ba ta izini. Malamanmu sun yi bayani cewa tsare rai wajibi ne, ku tambaye su ku ji. A ba da izinin tun yau, kowa ya san da shi. Takardun gida, da katin asibiti, da na makarantar yara, ki ƙulle su a leda biyu ki rataye a sama inda hannunki zai kai cikin duhu. Hatsi a ɗora shi a kan benci ko duwatsu. Kuma idan aka yi sanarwa a rediyo cewa za a saki ruwa, ko hukumar hasashen yanayi ta ambaci ƙaramar hukumarku, ki ɗauka da ke ake. Ruwan da aka saka daga sama yakan ɗauki kwanaki kafin ya isa garuruwan ƙasa, kwanakin nan na shiri ne.

Ke kuma ta wajen Gashuwa, kafin a sake kashe kuɗi a ƙara wa rijiya zurfi, a tambayi maƙwabta ko tasu ma ta sauka, kuma gaba nawa. Idan duk unguwa ce, to ba rijiyarki ce ta lalace ba, makwancin ne ya yi ƙasa, kuma magana ce ta mai unguwa da dagaci da kansila, har ta kai ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda madatsun nan suke hannunta. Ku matan unguwa kuna haɗuwa a Islamiyya da wajen suna. Kowacce ta zo da awon igiyarta, a samu yarinya mai karatu ta rubuta: gidan wane, gaba kaza a bara, gaba kaza a bana. Takarda irin wannan tana da nauyi a gaban hukuma fiye da a ce kawai ana wahalar ruwa. Kafin nan, ruwan indararo na damina kada ya zuba a banza. A bar na farko ya wanke rufi, sannan a tara a rufe.

Lokaci ya yi halinsa. Mai son aiko da awon rijiyarta, ta faɗi sunan garinsu da watan da ta auna, zan karanta su a shiri. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ma'aikaciyar lafiya za ta zo ta nuna mana yadda ake wanke rijiyar da ambaliya ta shiga, da yawan maganin da ake sa wa jarka ɗaya.